Murjanin da Na Yi Jinya a Aziziyya

Ba zan taɓa mantawa ba, duk da na yi iyakar ƙoƙarina in manta, da watanni ukun farko da na yi a Jidda cikin shekarun saba'in, ina ɗanye sharaf daga jami'a. Ilimin dabbobi na karanta a gida Najeriya, na fito da sakamako mai kyau, na kuma fito da irin fuskar nan ta mutumin da yake ganin duniya na jiran ya buɗe baki. Ba na dariya sai da dalili. Ko wasiƙar gaisuwa zan rubuta sai na fara yi mata daftari. (Har yanzu ina yi, sai dai yanzu na san ciwo ne.)

Kawu Sale, ƙanin mahaifiyata, shi ya yi mini hanya. Yana zaune a unguwar Sa'alaba, ya kuma daɗe yana tuƙa wani attajiri ɗan asalin Hausawa, haifaffen Jidda, wanda kowa ke kira Maigida. (A can ba a ce wa mutum Alhaji, domin kowa ya yi hajji.) Sharaɗin da aka yi mini a fili yake. Zan yi gwajin wata uku. In Maigida ya gamsu, ya zama kafilina, wato mai tsaya mini, ya yi mini iƙama, takardar izinin zama, in zauna. In bai gamsu ba, in nemi jirgin komawa gida, inda an riga an yi mini walimar bankwana har da yanka rago. Ranar da zai kai ni, Kawu ya tsayar da mota a bakin ƙofa ya dube ni.

"Ka ga, ɗan nan, ban taɓa roƙon mutumin nan komai ba sai a kanka. Ka rage turancin nan naka, ka yi abin da aka sa ka, halas."

Na ce masa ba turanci nake yi ba, Hausa ce tsantsa. Ya ce ai ita yake nufi.

Aikin kuwa na kula da tankin gilashi ne. A sabon gidansa na Aziziyya, lokacin rabin unguwar fili ne da tarin bulo, Maigida ya sa an gina wani tanki mai tsawon bangon majalisinsa, cike da ruwan teku da kifayen Bahar Maliya, masu rawaya da shuɗi da zane-zane kamar an yi musu ɗinki. Kifayen suna yawan mutuwa, shi ya sa yake son mai ilimi ya riƙa auna ruwan. A ƙasan tankin akwai murjani, wani mai rassa kamar ƙahon barewa, wani dunƙulalle, dukansu ruwan ƙasa-ƙasa da ɗan kore. A nan ya wajaba in faɗi gaskiya: kafin makon nan ban taɓa ganin teku ba. Tarwaɗa da karfasa na sani, su na yi ta feɗewa a makaranta. Abin da na sani game da murjani babi ɗaya ne a wani littafi mai hotuna baƙi da fari, amma babin nan na haddace shi kamar karatun allo.

Akwai wani dattijo a gidan, Baba Bakur. Kakansa ne ya zo aikin hajji a ƙasa bai koma ba. Shi kuma ya yi ƙuruciyarsa yana nutso a teku, yana kuma sassaƙo dutsen da aka gina tsofaffin gidajen garin da shi. Shi ke kawo ruwan teku a jarkoki, shi ke kamo kifayen. Hausarsa rabi Larabci ce, abin da ya riƙa sosa mini kunne. Ranar farko ya same ni na kafa wa murjanin ido.

"Ya ustaz, kifin ne shugul ɗinka. Duwatsun nan ka bar mini su."

Na miƙe tsaye, na gyara wuyan riga, na yi masa bayani cikin ladabi (irin ladabin da ya fi zagi ciwo) cewa murjani ba dutse ba ne, dabba ce mai rai, ko ma a ce dubban ƙananan dabbobi ne da suka haɗu suka gina gida guda. Ya saurare ni har na kai aya. Ya ce, "Tayyib," ya ɗauki jarkarsa ya fita. Na rubuta a zuciyata cewa na ilimantar da mutum guda.

Ranar Juma'a ba na zuwa aiki. Asabar ta uku na shiga majalisin da safe, na tsaya cak. Murjanin nan duka ya koma fari fat, kamar an shafe shi da alli. Babin nan nawa ya yi magana a kan haka: cikin naman murjani akwai wasu ƙananan tsirrai da ido ba ya gani, su ke ba shi launi, su ke ciyar da shi. In ya wahala, ko don zafin ruwa, ko don haske, ko don gishirin ruwan ya sauya, sai ya kore su, ya yi fari. Farin ba mutuwa ba ce tukuna, in an hanzarta yana iya farfaɗowa, in an yi sakaci ya tafi ke nan. Kuma a hannun wa abin ya faru? A hannun mai digiri, mako uku da zuwansa.

Ina tsaye Maigida ya shigo zai fita kasuwa. Ya dubi tankin ya ce, "Masha Allah," ya wuce. Na ce a raina, bawan Allah, bai ma san dukiyarsa na mutuwa ba. Nan take na yanke shawarar ba zan gaya wa kowa ba sai na gano ciwon na kuma warkar da shi, sa'an nan in bayyana komai a rubuce, ciwo da magani a takarda ɗaya.

Daga ranar zama ya gagare ni. Kowace sa'a ina tsoma ma'aunin zafi, ina rubutawa. Ina auna gishiri safe da azahar da la'asar. Na zana kowane reshe a littafina, na ba shi lamba. In na zauna sai in ga kamar wani wuri ya ƙara fari, in tashi in leƙa, in koma, in sake tashi. A motar haya ta komawa Sa'alaba sai in tuna ban duba famfon iska ba, in sauka a rabin hanya in koma a ƙafa cikin ranar Jidda, in tarar da famfon na aikinsa lafiya lau. A gida kuwa ina cikin cin abinci sai in miƙe in ɗauko littafi.

"Kai, zauna mana," in ji Kawu. "Kana ta safa da marwa a tsakar gida kamar kaza mai jin ƙwai. Me ya faru a wurin aikin?"

"Wani bincike ne, Kawu."

"Binciken ba ya cin shinkafa?"

Wani abu ɗaya ya ɗan dame ni: ban taɓa ganin dabbobin nan sun motsa ba. Amma littafin ya ce ba sa fitowa sai duhu ya yi, ni kuwa kafin magariba na tashi. Wannan ya kwantar mini da hankali, a wurin da ya kamata ya tayar.

Zafi na fara zargi. Na sayo ƙanƙara na ƙulla a leda na saka a ruwan. Kifayen suka taru a kusurwa guda suna kallona kamar na ci amanarsu, murjanin kuwa ko gezau. Na janye ƙanƙara. Na zargi haske, na rufe labulen taga kwana huɗu, har Maigida ya yi tuntuɓe da matashi. Ba wani sauyi. Sai na juya tunanin: tun da tsirrai ne suka gudu, watakila haske suke so. Na yaye labule gaba ɗaya, na roƙi a ƙara fitila biyu a saman tankin, Maigida ya ce a ba ustaz abin da yake so.

Cikin kwana kaɗan sai ga launi na dawowa. Ruwan ƙasa ya fara daga gindin rassan yana hawa, har da ɗan kore a wasu wurare, ya fi na da kauri. Ban iya kwatanta abin da na ji ba. Na yi nafila raka'a biyu. Na fara tsara yadda zan rubuta wa malamina na jami'a, da irin tawali'un da zan nuna a sakin layi na farko.

Asabar ta zagayo, na shiga, fari fat.

Haka muka yi ta yi. Launi ya dawo cikin mako, Asabar ya gudu. Da can sai bayan mako uku, yanzu kowane mako. Na rame. Wani abu kuma ya ƙara rikita ni. Reshen da na ba lamba ɗaya, mai yatsu bakwai, wata Asabar na ƙirga na ga biyar. Na rubuta: "Ciwon ya fara cin gaɓoɓi." Asabar ta gaba na ƙirga, bakwai cif. Littafina ya ce murjani na shekara bai ƙara tsawon ɗan yatsa ba, ga shi nawa ya tsirar da yatsu biyu a kwana bakwai. Mai hankali da a nan zai tsaya ya tambayi kansa. Ni sai na ja layi biyu a ƙarƙashin maganar, na rubuta a gefe: "Ba a taɓa ganin irin wannan ba." (Wannan ita ce jimla ɗaya tilo a littafin da ta zama gaskiya.)

Wata Laraba Baba Bakur ya same ni a kan kujera ina gyara fitila. Ya aje jarka, ya dafa gwiwarsa.

"Ya ustaz, fitilun nan naka suna ƙara mini wahala, wallahi. Ba za ka kashe ko guda ba?"

"Baba, fitilun nan magani ne."

"Maganin wa?"

"Za a yi bayani a lokacin da ya dace."

Ya dube ni, ya dubi fitilun, ya ce Allah ya kai mu lokacin. Bayan ya fita na zauna na jera abin da na sani. Ciwon ba ya tashi sai ranar Asabar. Ranar Juma'a ba na nan. Mutum ɗaya ne ke shiga majalisin da safiyar Juma'a, lokacin da kowa ke shirin masallaci. Ga shi mutumin ya fito fili yana adawa da magani. Na ji komai ya hau kan layi. Ko ruwan famfo yake zubawa don ya huta da ɗauko na teku, ko yana kashe famfon iska. Ban tambaye shi ba, domin a ganina mai bincike ba ya faɗakar da wanda yake zargi. Na ɗan ji nauyin tsufansa, ba zan ɓoye ba, amma wata uku sun kusa cika, kuma in murjanin ya mutu ba tare da an san mai laifi ba, ni zan hau jirgi.

Ranar Alhamis ta ƙarshe, bayan la'asar, Maigida ya zauna da abokansa kamar yadda ya saba, ana zagayawa da gahawa da dabino. Kawu na zaune daga gefe, Baba Bakur a bakin ƙofa inda yake zama kullum. Maigida ya ce, "Yalla, ustaz, wata uku sun cika. Me ka gani a tankin namu?" Yana tsammanin in ce kifaye sun daina mutuwa, wanda gaskiya ne, sun ragu da mutuwa, kuma da na faɗi haka na yi shiru da an tashi lafiya.

Na miƙe da takardu shafi goma sha ɗaya.

Na fara da ma'anar murjani. Na bi da tsirran da ke cikin namansa. Na karanta jadawalin zafi. Wani baƙo ya fara gyangyaɗi, ban kula ba. Na bayyana yadda na gano ciwon, da yadda na ɓoye shi don kada hankalin Maigida ya tashi, da yadda na warkar da shi sau shida da fitila, da al'amarin yatsun da suka zube suka sake tsirowa. Na lura Maigida ya aje kofinsa yana dubana baki a ɗan buɗe, na ɗauka mamakin ilimi ne. Kawu yana ta yi mini alama da ido, na ɗauka ƙarfafawa ce. Sai na zo shafi na ƙarshe, na rage murya yadda ya dace da magana mai nauyi.

"Abin baƙin ciki, duk lokacin da dabbobin nan suka farfaɗo, akwai hannun da ke mayar da su bakin mutuwa ranar Juma'a. Ba zan ambaci suna ba. Amma mutum ɗaya ne ke shiga ɗakin nan a ranar."

Kowa ya juya bakin ƙofa. Baba Bakur ya dafa bango ya tashi, ya fita. Na ji takunsa a matattakala, yana hawa a hankali, mataki ɗaya ya huta. Na ce a raina kunya ce ta kore shi, har na fara shirya kalmomin da zan roƙa masa afuwa da su, don a ga ina da tausayi.

Ya daɗe kafin ya sauko. Ya shigo da kwando a hannu, ya zo gabana, ya ciro wani abu ya ɗora a kan takarduna. Reshe ne fari, busasshe ƙayau, da ɗumin rana a jikinsa. Na ƙirga ba da niyya ba. Yatsu bakwai. Na juya na dubi tankin, ga mai yatsu biyar a ciki yana zaune lafiya.

"Ga lamba ɗayanka," in ji shi. "Wancan na ciki ƙaninsa ne. Kashi biyu gare ni, ya ustaz. Ɗaya na ruwa, ɗaya na shan rana a saman soro. In na ciki ya yi datti sai in ciro shi ranar Juma'a, in jiƙa, in goge da buroshi, in shanya, in saka mai tsabta. Maigida fari yake so."

Na ji muryata, siririya, tana cewa, "To, launin da yake dawowa fa?"

"Gansakuka ce. Irin ta bakin randa. Da sai ta yi sati uku kafin ta rufe su. Tun da ka kawo fitilunka, kowace Juma'a sai na hau benen nan da gwiwoyin nan."

"Amma suna da rai lokacin da..."

"Ni na ciro su da hannuna, tun Maigida na tsohon gida, kai kuwa ina jin ba a yaye ka ba. Mai rai yauƙi gare shi, yana da ƙarni, wani in ka taɓa ya ƙone maka hannu. In ka sa shi a gilashin nan ba zai kwana bakwai ba sai ya ruɓe ya kashe kifin duka. Wata uku kana nan, ka taɓa sa hannu ka taɓa ɗaya?"

Ban taɓa ba. Littafin ya ce taɓawa na cutar da su.

Baƙon nan mai gyangyaɗi ne ya fara magana, ya tambayi na kusa da shi, "Wato gawa yake yi wa jinya?" Sai majalisin ya fashe. Maigida ya yi dariya har ya cire tabarau yana share ido da gefen mayafin kansa. Wani ya ce a ba ustaz gahawa, ya sha wahalar zaman makoki. Wani ya ce sau shida ya tayar da matacce, irin wannan ai ba a barinsa ya bar gari. Kawu kaɗai bai yi dariya ba. Ya sunkuyar da kai yana kallon kafet, kuma wannan ya fi dariyar duka zafi. Ni kuwa ina tsaye, reshe a hannu ɗaya, shafi goma sha ɗaya a ɗayan, na rasa wanda zan fara ajewa.

Da dariyar ta lafa, Maigida ya gyara zama, fuskarsa ta sauya.

"Jahilcin dutse ba komai ba ne, kowa da abin da bai sani ba. Amma ka tsaya a majalisina ka ɗora wa mutumin da ya goya ni a kafaɗa laifi. Ya Ammu Bakur, maganar iƙamarsa tana hannunka. In ka ce ya tafi, gobe Sale ya kai shi filin jirgi."

Na dubi dattijon. A lokacin ne na fara ganinsa sosai, da tabon igiya a hannuwansa da idanunsa da gishiri ya cinye. Na buɗe baki zan ba da haƙuri, kuma karo na farko a rayuwata jimlar ta ƙi tsaruwa. Abin da ya fito kawai shi ne, "Baba, ka yafe mini."

Ya ɗauki dabino ɗaya, ya ci, ya cire ƙwallon, ya aje a faranti. Bai yi sauri ba ko kaɗan.

"Kifin dai sun daina mutuwa, wannan gaskiya ce," ya ce wa Maigida. "Yana auna ruwa kamar mai auna zinariya." Sai ya juyo gare ni. "Kana iya hawa bene da kwando?"

"Ina iyawa, Baba."

"To a yi masa iƙama. Amma Juma'arsa tawa ce. Kuma ya kashe fitilun nan yanzu, ina kallo."

Na hau kujera a gaban baƙi na kashe su ɗaya bayan ɗaya.

Washegari da hantsi ina saman soro, na naɗe hannun riga, bokiti a gabana, ina goge gansakukar da na yi wata uku ina kiwo da hannuna, Baba Bakur na zaune a inuwar tankin ruwa yana nuna mini lungun da na tsallake. Shekara biyu na yi a wannan aikin, kuma sai da aka ɗauki lokaci kafin Kawu ya daina gabatar da ni ga mutane da sunan likitan duwatsu.

Tun daga nan, duk inda aka kira ni in duba abin da ake cewa ba shi da lafiya, ba na fara buɗe jaka. Sai in nemi wanda ya fi kowa daɗewa a gidan, in gaishe shi da kyau, in zauna ƙasa, in tambaye shi ko majinyacin yana da rai.